"Kara Ɗaya Tak": Tarkon Mai Son Barin Taba

Daga kasuwar shanu ta Mubi, can Jihar Adamawa kusa da iyakar Kamaru, ake loda tireloli zuwa Ikko da Anaca da Fatakwal. Tafiya ce ta kwanaki, ga gajiya ga barci, shi ya sa sigari ya zama abokin hirar direbobi da yaran mota da masu rakiyar shanu da dama. A cikinsu akwai wanda ya rantse a Mubi ya bari har abada, amma kafin mota ta wuce Gombi ya nemi ashana.

Akan ce jiki ne ya saba. Gaskiya ne, gubar nan ta taba da ake kira nikotin takan kai ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 20 da zuƙa, wanda ya bari kuwa yakan yi fama da saurin fushi da rashin barci. Amma likitoci sun ce wahalar ta fi tsanani a makon farko, takan kuma lafa cikin mako 2 zuwa 4. To, me ke komar da mutum bayan wata 6?

A duba watan azumi. Mutumin da ba ya iya awa guda bai busa ba, sai ga shi tun daga asuba har faɗuwar rana bai taɓa kwali ba, yana kuma cinikinsa lafiya lau. Sai la'asar ta yi sakaliya hankalinsa zai fara tashi, don ya san lokaci ya ƙarato. Wani ma ko dabinon bai gama taunawa ba ya kunna. Watau da zuciya ta san ƙofa a rufe take sai ta kwanta, da ta hango kafa sai ta miƙe.

Wani masani a Jami'ar Tel Abib, Reuven Dar, ya ga irin wannan a 2010 wajen ma'aikatan jirgin sama masu shan taba. Ko tafiyar gajeriya ce ko doguwa, kwaɗayinsu ya fi tashi ne daf da sauka.

Kafar da zuciya ta fi so ita ce "kara ɗaya tak". Ba ta cewa a sayi kwali, ta san za a farga. Sai ta ce yau an yi asara, ko an kwana a hanya, ko kuma an yi wata guda ba a sha ba, ai an cancanci tukwici. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, amma daga tashar motar Mubi har Agege da Sabon Badun, mai tebur yana nan gefen mai shayi, kuma canjin da ke aljihu ya isa.

Abin da ke biyo bayan karan nan ya fi shi ɓarna. Masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Alan Marlatt, ya yi bayaninsa tun 1985: wanda ya zame sau ɗaya ya ce "shi ke nan, ni dama ba na iyawa", shi ne ke sayen kwali kafin dare. Wanda ya ɗauki abin tuntuɓe, ya binciki inda ya faru da wanda suke tare, ya fi samun tashi. Galibin waɗanda suka bari ɗungum sai da suka gwada sau da yawa.

Kwaɗayin kansa ba ya daɗewa. Yakan taso ya yi minti kaɗan ya faɗa, ko an sha ko ba a sha ba. Direban da ya san haka, in an tsaya shan shayi a Numan, sai ya ɗauki kofinsa ya koma gindin mota, ya sa asuwaki a baki, ya zagaya duba tayoyi har abokan tafiya su gama busawa.