Roƙon Abincin Yini a Nima da Maamobi

Baƙo zai ɗauka kowa a unguwannin Nima da Maamobi na Accra Musulmi ne, tunda kiran salla ke tada unguwa. Amma a gidajen hayar da iyalai da yawa ke raba tsakar gida ɗaya akwai Kiristoci, Dagaaba da Frafra da Kasena daga arewacin Gana, ga kuma Ewe da Ga. Cocin Katolika na St. Kizito yana cikin Nima, ƙananan majami'un Fentikos kuwa wasu a ajin makaranta suke taruwa ranar Lahadi.

Addu'arsu ta abin sawa a baki ce. Mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, kan tashi tun duhun asuba, kafin ta hura wuta ta tara 'ya'ya a bakin tabarma su yi Addu'ar Ubangiji, wadda ke cikin Matiyu sura 6. Abincin yini ɗaya ake roƙo a cikinta, haka kuma rayuwar take: cinikin yau shi ne cefanen gobe. Wata takan ɗora hannu a kan murfin tukunya ta yi 'yan kalmomi a ɓoye kafin ta aza a ka. Maƙwabciyarta Hajiya mai koko ta ce mata, "Allah ya ba da kasuwa," ita kuma ta amsa da amin, babu mai tambayar wani ina ya sa gaba.

Ga Dagaaba abin yana da tushe. A 1932 fari ya addabi yankin Jirapa, mutane suka je wurin limaman mishan, aka yi roƙon ruwa, ruwa ya sauka, dubbai suka karɓi Kiristanci. Zuriyar waɗannan manoma da suka gangaro kudu neman aiki ba su da gona a Accra, sai roƙon ruwa ya koma roƙon ciniki da kuɗin makaranta.

Inda gizo ke saƙar shi ne haya. Doka ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata 6 a gaba, amma na shekara 2 ake nema, kuma a dunƙule. Wannan ya fi ƙarfin tukunyar waakye, balle a shekara irin 2022 da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100. Irin wannan buƙata ake kaiwa addu'ar kwana ta daren Juma'a, wasu da azumi, wasu har dajin Achimota na Accra suke zuwa yin addu'a. A ganina nan ne ake cin gumin talaka, idan fasto ya ce sai an "shuka iri" da kuɗi kafin ƙofa ta buɗe. Mata masu wayo sukan yi addu'arsu, su kuma miƙa wa mai susu, wato mai tara adashi, zubin yini ba fashi.

Sau ɗaya a shekara ana bikin godiya na girbi, ko da yake rabon wasu da fartanya ya daɗe. Ana kawo doya da ƙwai da kaza, har da akuya, a jera gaban bagade a yi gwanjo. Mai hali ya sayi kwalbar ruwa da kuɗin buhun shinkafa, a yi ta shewa, kuɗin kuma ya tafi ginin coci da taimakon gwauraye.