Zanen Duwatsun Birnin Kudu da Yadda Ake Ɗaukar Hotonsa



Duk wanda ya bi hanyar mota daga Kano ta Wudil, ya yi tafiyar kimanin mil 80, zai iske Birnin Kudu a tsakanin manyan duwatsu, wasu a ɗore bisa wasu. Mutumin Kiyako ko na Gwaram yakan wuce su a hanyarsa ta kasuwa bai ko waiwaya ba, don ido ya saba. Amma a ƙarƙashin wasunsu, musamman Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, akwai zanen dabbobi da mutanen da suka yi da launin ja da fari da baƙi. Mutanen gari sun daɗe da saninsa. Masana kuwa sun samu labarinsa ne daga Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, wanda ya yi bayaninsa a taron masana tarihin Afirka da aka yi a Livingstone a 1955. A yau wuraren suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979.

To, me zai sa mutum ya hau dutse da kyamara saboda shanun da launinsu ya kusa bajewa? Ku dubi gadon bayansu. Da yawa daga cikin shanun nan suna da dogayen ƙahoni, amma ba su da tozo. Alhali kuwa shanun da Fulani suke kiwo a gindin duwatsun a yanzu, Bunaji ne ko Rahaji ko Bokoloji, duk masu tozo ne. Saniya marar tozo ita ce ta riga zuwa Afirka ta Yamma, kuma sauran irinta su ne Kuri ta bakin Tafkin Chadi da Muturu ta kurmi. Watau mai zanen ya bar mana shaidar zamanin da garken ƙasar nan ya sha bamban da na yau. Shaidar kuwa layi ɗaya ce tak, daga wuya zuwa gindin wutsiya. In hoto bai fito da wannan layi ba, an yi hawan banza.

Irin waɗannan shanu sun cika bangayen kwazazzaban Sahara, wadda ta kasance ƙasar ciyawa da tafkuna shekaru 6,000 da suka wuce. A Tassili ta ƙasar Aljeriya akwai dubban zane-zane na makiyaya da garkunansu. A Dabous kuma, arewa da Agadas, an sassaƙa raƙumin dawa mai tsawon fiye da mita 5 a kan falalen dutse. Sai dai can ɗin ma akwai abin takaici. Ayarin da Henri Lhote, mutumin Faransa, ya kai Tassili a 1956 sun riƙa goge zanen da soso da ruwa don launi ya fito su kwafa, kuma masana na baya sun nuna cewa hakan ya yi wa zanen lahani. Ruwa yana kyautata hoto na minti biyar, sa'an nan ya narkar da gishirin da ke cikin dutse, ya bushe ya bar farin tabo. Saboda haka kada a jiƙa, kada a bi layin da alli ko gawayi, kada ma a shafa da hannu, domin zufa maiƙo gare ta.

Batun tafiya gajere ne, gama duwatsun ba su da nisa da gari. A fara gaida hakimi ko dagaci, a nemi mai gadin wurin ya yi jagora. Rani ya fi, don da damina dutse yana santsi, ciyawa kuma tana ɓoye maciji. A riƙe ruwan sha, a sa takalmi mai kama dutse, a kuma lura da zuma a cikin kogo.

Wajen haske ne yawancin masu kyamara suke kuskure, don sun ɗauka zane da sassaƙa abu ɗaya ne. Sassaƙa irin ta Dabous rami ce a jikin dutse, sai rana ta karkata, da sassafe ko da la'asar sakaliya, inuwa ta cika ramin, kana siffar ta bayyana. Zanen launi irin namu kuwa inuwa yake so. Hasken rana kai tsaye yana kashe jan, fitilar kyamara kuma takan sa dutsen ƙyalli. Gara a kafa kyamara bisa ƙafafunta uku, a bar ta ta sha hasken da ke cikin kogon, a kuma daidaita ta da fuskar dutsen sosai, domin in aka ɗauka a karkace siffar saniya takan jirkice, har wuyanta ya yi kamar tozo. Kowane zane ya samu hoto uku: na dutsen gaba ɗaya da abin da ke kewaye da shi, na bangon da zanen yake, da na kusa, wani yana riƙe da ma'auni a gefe ba tare da ya taɓa dutsen ba. A rubuta rana da sa'a da sunan wurin a littafi nan take. Tun 2005 akwai dabarar kwamfuta da ake kira DStretch, wadda take ƙara wa launin da ya dushe ƙarfi a cikin hoto, har a ga abin da ido bai gani ba. Ita ce ta maye gurbin soson Lhote.

Akwai kuma abin da kyamara ba ta kamawa. Kusa da zanen, Fagg ya tarar da duwatsu masu amo kamar kuge in an buga su da ƙaramin dutse, jikinsu duk gurabu saboda yawan bugu, ya kuma ba da labarin cewa 'yan mata sukan je can su kaɗa su gabanin biki. Wanda ya je da wayar hannu yana iya naɗar amon, ya kuma zauna da tsofaffin matan gari ya tambaye su sunan kowane dutse da abin da ake yi a wurinsa, ya rubuta amsarsu a shafi ɗaya da lambar hoton.