Gano Dalilin Danshi a Bango

Da damina, musamman a watan Agusta, mazauna Bagadaza a garin Gombe sukan ga danshi a bangon ɗaki. Shafa fenti ba ya maganinsa, sai an gano inda ruwan yake shigowa.

Da farko, a duba wurin da danshin yake. Idan yana sama kusa da rufi, to kwano ne yake yoyo, ko kuma indararo ya toshe. Idan yana ƙasa, ruwa ne ya kwanta a gindin bango, bulo yana shansa.

Sannan a lura da lokaci. Idan danshin bai bushe ba har rani, wataƙila bututun ruwa ne ya fashe.

A gaggauta gyara, domin danshi yakan ci bango har ya rushe.