Asirin Da Shuɗiyar Shadda Ta Tona

Wani tela a unguwar Fagge ya wayi gari ana ta kiransa a waya, wai ya ci bashi a wata manhajar ba da rance, kuma wa'adi ya cika. Mutumin da ko bashin zare ba ya yarda ya kwana a kansa! Ya rantse, ya maya, masu kira suka ce suna da sunansa da hotonsa da lambarsa ta NIN, duk guda 11 ɗin.

'Yarsa ce ta ɗauki maganar. Ta fara da abin da ke kusa: takardar NIN tana cikin durowa, layin wayarsa bai taɓa ɓata ba. Ke nan ba takardar aka sace ba, hotonta aka samu.

Ta matsa wa masu rancen lamba har suka turo kwafin da aka yi rajista da shi. Ta buɗe hoton, ta faɗaɗa shi da yatsu biyu. A gefen takardar ga shuɗiyar shadda, da zanen alli inda za a yanka wuya.

"Baba, yaushe ka ɗinka wannan?"

Ya ƙura ido. "Ta wani ango ce, ana saura mako guda Babbar Sallah."

Wuri ya fito, lokaci ya fito: a kan teburin yanka aka ɗauki hoton, a wancan makon. Ta shiga WhatsApp ɗinsa ta koma kwanakin. Sau biyu hoton ya fita. Na farko ya tafi wurin ƙaninsa don rajistar makarantar yaro, kuma ita da kanta ta datse gefensa, babu shadda a ciki. Na biyu, mai shadda, ya tafi wata lamba da ta yi tallar "tallafin masu sana'ar hannu". Sun nemi ya haɗa da BVN da hoton fuskarsa, ya tura. Ta kira lambar, a kashe.

Sa'a ce ta sa alli da shadda suka nuna ƙofar da ɓarawo ya bi. Abin da ya faru bisa sa'a, kowa na iya yin sa da gangan. Kafin ka tura hoton katin shaida, fasfo ko lasisin tuƙi, buɗe shi a wurin gyaran hoto na wayarka, ka gitta rubutu shara-shara daga kusurwa zuwa kusurwa: wa aka ba, don me, da kwanan wata. Misali, "Don rajistar makaranta kaɗai, 10/6/2024". Rubutun ya ratsa gefen fuska da bayanai ba tare da ya rufe su ba, domin wanda ke gefe almakashin waya na cire shi nan take. Kowane mai karɓa da nasa rubutun. In kwafin takarda ne, biro ya isa. Kada kuma ka ɗora katinka a shafin da ba ka sani ba don ya yi maka wannan aiki.

Hoto mai irin wannan rubutu yana da wuyar shiga wata rajistar, in kuma ya ɓulla inda bai dace ba, shi zai faɗi hannun da ya sake shi. Amma ba ya ɓoye lambar. Shi ya sa hukumar NIMC ta fito da vNIN, lambar wucin gadi da ke daina aiki bayan awa 72. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta wajabta wa mai karɓar bayananka ya bayyana dalili, ya kuma tsaya a kansa. Duk wanda ya ƙi karɓar hoto don kawai an rubuta dalilin bayarwa a kai, ka tambaye shi me yake son yi da wanda babu rubutu.