Kwalbar Kodin Ba Ta Koya Wa Kowa Waƙa

Akwai wata magana da ta yi kaka-gida a bakin samarinmu masu sha'awar kiɗa da waƙa, daga Yusufari zuwa Gashuwa har Nguru. Wai mawaƙi ba zai iya zubo baiti nan take ba, makaɗi ma hannunsa ba zai sake ba, sai ya "yi caji". Sai ya kora kodin, ko ya afa tiramol, ko ya zuƙi wiwi, sannan kai zai buɗe basira ta sauko. Masu ɗan sauran kunya kuwa sukan ce aljanu ne ke bayarwa. Na gaji da jin wannan shirme, musamman da yake yanzu yara 'yan shekara goma sha ne ke maimaita shi, har suna kafa hujja da turawan da suke gani a waya suna dukan jita gashi na tashi.

Waƙar nan take kowa ya san ta, ita ce wadda mawaƙi ke ƙagowa a tsaye gaban jama'a ba tare da ya tsara ta a gida ba. A Turai da Amurka akwai irinta a kiɗan da suke kira furogiresib rok, wanda ya taso a Ingila wajen 1969, da ɗan uwansa mai ƙarar tsiya da ake kira metal. A can, kayan kiɗan ne ke yin abin da bakin mawaƙinmu ke yi.

To, bari mu fara da turawan, tunda su ake jingina wa abin. Ba na musun cewa da yawansu sun sha. Sun sha, kuma ga yadda ta ƙare da su. Syd Barrett shi ne ƙashin bayan ƙungiyar Pink Floyd a farkonta, shi ke tsara yawancin waƙoƙin. Shaye-shaye da taɓin hankali suka haɗu a kansa, har ya kai ga tsayawa a dandali riƙe da jita ya kasa kaɗa komai. A 1968 abokansa suka ci gaba babu shi, kuma yawancin manyan fayafayan da duniya ta san ƙungiyar da su bayan tafiyarsa aka yi su. Ƙungiyar Black Sabbath ta birnin Birmingham, wadda ake ɗauka ita ce uwar metal, da kanta ta sallami mawaƙinta Ozzy Osbourne a 1979 saboda giya da ƙwaya sun hana shi aiki. John Bonham, mai gangar Led Zeppelin, giya ce ta kashe shi a 1980 yana da shekara 32, ƙungiyar ta watse. Waɗannan su ne gwanayen da ake so ɗan Yusufari ya yi koyi da su ta wajen sha?

Abin da ba a gaya wa yaranmu shi ne wahalar da ke bayan wannan hannu mai gudu. John Petrucci da John Myung na ƙungiyar Dream Theater tun suna samari suka yi alkawari tsakaninsu cewa kowa zai riƙa atisaye na awa 6 a rana. Frank Zappa, wanda ƙalilan ne suka kai shi iya ƙago kiɗa a tsaye, ya tsani ƙwaya, yakan kori makaɗin da ya kama yana sha a bakin aiki. Neil Peart na ƙungiyar Rush ya shafe shekara 20 ana kiransa gwani, sannan ya koma wurin wani tsohon malami ya sake koyon riƙon sanda.

Wanda ya fi burge ni shi ne abin da ya faru a Amsterdam a 1973. Ƙungiyar King Crimson na kan dandali suna ƙagar kiɗa ba shiri, mai gangarsu Bill Bruford ya kasa kunne, ya ga kiɗan ba ya buƙatar ganga, sai ya riƙe sandunansa bai buga ko sau ɗaya ba har aka gama. Da aka fitar da kiɗan a faifai, abokansa suka sa sunansa cikin waɗanda suka tsara shi, saboda shirun da ya yi. Ku faɗa mini, wanda ya cake zai iya wannan? Shi da ba ya jin kowa sai kansa?

Mu dawo gida, don a nan ne gardamar take. Da ka yi magana sai a ce maka: "To Shata fa?" Na sani, Alhaji Mamman Shata bai ɓoye halinsa ba, har waƙa ya yi a kai. Amma mutum nawa suka sha abin da ya sha a zamaninsa, daga Funtuwa zuwa Kano, kuma nawa ne a cikinsu suka yi waƙa irin Bakandamiyarsa? Da kwalba ce ke yin waƙa, da kowace tasha ta fitar da Shata goma. Abin da ya sa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988 shi ne abin da ke cikin kansa. Mutumin ya yi yawo, ya san garuruwa da hanyoyinsu, ya san wane ɗan wane ne, ya haddace kirari da karin magana da habaici tun yana saurayi a dandalin Musawa. Kai kamar rumbu yake, abin da ka zuba da kaka shi za ka ɗiba da bazara.

Kuma waƙar tsaye tana da dabara, duk wanda ya zauna da makaɗa ya sani. Masu kalangu suna riƙe da kari ba sa saki. 'Yan amshi suna maimaita amshi, kuma a cikin wannan ɗan lokacin ne mawaƙi ke numfasawa ya ɗauko baiti na gaba. Sanƙira na gefe yana jefo sunan wanda ya shigo da na ubansa. Dan Maraya Jos ma, da ba shi da 'yan amshi, kuntiginsa ne ke riƙe masa wuri har ya shirya magana. Duk wannan aikin natsuwa ne da kasa kunne.

Ga maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda kiɗansu ke shigo mana ta waya. Mdou Moctar, da yanzu ake gayyata Amurka da Turai, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, ya goge hannunsa a gidajen biki na Agadas. Tal National ta Yamai, masu waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, awoyi suke yi suna kiɗa a dare ɗaya, dare da yawa a mako, shi ya sa suke juya kari a tsakiyar waƙa ba wanda ya faɗi. Jagoransu Almeida ya ma yi aikin alƙali a kotu.

Zaman banza da miyagun abokai suna da nasu laifin, ba na musu. Amma kai saurayi mai son waƙa, ga abin da zan ce maka. In kana gardama, ɗauki muryarka a waya lokacin da ka sha, ka saurara da safe bayan ka wartsake. Za ka ji harshe ya yi nauyi, kana bin kiɗa a baya, kana maimaita magana ɗaya kana zaton hikima ce. Ƙwayar ba ta ƙara maka komai ba, kunnenka kawai ta toshe har ka daina jin kuskurenka. Kodin na busar da baki ya rage ƙarfin numfashi, hayaƙi na cin maƙogwaro, tiramol in ya yi yawa yana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Mawaƙi kuwa jarinsa numfashi da maƙogwaro. Ba a banza gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a 2018 ba.

Ka nemi tsofaffin makaɗan da suka rage mana, masu algaita da ganga na Mangawa, masu gurmi da kukuma, ka durƙusa ka gaishe su ka zauna. Ka ɗauki kayansu zuwa biki ko da ba a ba ka ko sisi ba. Ka ware lokaci kullum, ko awa ɗaya ce bayan la'asar, ka riƙe amshi guda ka yi ta ɗora masa baitoci har ka gaji. Ka koyi sunayen garuruwanmu da tarihinsu, ka je Tulo-Tulowa ka ga rairayi da dabino da idonka, ka je bikin kamun kifi na Bade ka ji yadda ake kirari. Yaron da ke zaune inda ake jin Manganci da Badanci da Fulatanci da Hausa a kasuwa ɗaya bai da dalilin rasa abin faɗa.

Masu situdiyo, ku daina buɗe wa wanda ya zo a buge ƙofa don kuɗinsa. Masu biki, kada tukuicin makaɗi ya zama kwalba. Iyaye kuma, duka da kora ba sa raba yaro da ƙwaya. Wanda abin ya riga ya kama, a kai shi asibiti, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri. A kai shi tun muryarsa da hankalinsa suna nan.