Kada Garin Neman Ƙiba A Samo Rama

Duk wanda ya taɓa buɗe shago, ko injin niƙa, ko ɗan wurin sayar da abinci, ya san yadda farkon abin yake. Kai ne mai gida, kai ne yaron shago, kai ne kuma mai lissafi. Sa'ad da abin ya yi albarka, masu ciniki suka ƙaru, sai mutum ya ga ashe gajiyar ma ƙaruwa ta yi. A fita tun duku-duku, a dawo yara sun yi barci. In ciwon kai ya zo, a aika kemis a sayo magani, a haɗiye a ci gaba. Tambayar da ke gabanmu ita ce, ya kamata sana'a ta yi ƙiba mai ita yana ramewa?

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da sakamakon wani bincike da ya nuna cewa a 2016 kaɗai, mutane 745,000 sun mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda yin aiki awa 55 ko fiye a mako. Irin wannan aiki yana ƙara haɗarin shanyewar jiki da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17, in an gwada da mai aikin awa 35 zuwa 40. To, ɗan'uwa, yi naka lissafin. In kana buɗe shago ƙarfe bakwai na safe, ka rufe takwas na dare, kwana shida a mako, awa 78 ke nan.

Wani zai ce, ai in na rufe, maƙwabcina zai kwashe masu cinikina. Bari mu duba labarin wani mutumin Amurka mai suna Truett Cathy. A 1946 shi da ɗan'uwansa Ben suka buɗe wani ƙaramin gidan abinci a garin Hapeville, kusa da birnin Atlanta. Wurin yana buɗe dare da rana, su biyun suna karɓa-karɓa. Tun daga farko suka yanke shawara cewa ranar Lahadi za a rufe, domin su da ma'aikatansu su huta, su zauna da iyali, mai son zuwa sujada kuma ya je.

Cathy bai yi garaje ba. Sai a 1967, bayan shekara 21, ya buɗe shago na farko mai sunan Chick-fil-A. A manyan rukunin shaguna na Amurka Lahadi ranar ciniki ce sosai, amma bai sauya ba, ko da yake rufewar tana nufin barin cinikin kwana 52 kowace shekara. Kamfanin ya kai ga samun rassa fiye da 3,000, ya shiga cikin manyan kamfanonin abinci uku na Amurka wajen yawan ciniki. Galibin masu riƙe da rassan kuwa reshe ɗaya ake ba kowa, don ya iya lura da shi da kyau. Cathy ya koyar a Makarantar Lahadi sama da shekara 50, ya rasu a 2014 yana da shekara 93.

Ba muna cewa duk wanda ya huta zai zama attajiri ba ne. Abin da labarin ya nuna shi ne, hutu bai kashe sana'ar ba, kuma mai ita ya tsai da iyakar ne tun kuɗi bai zo ba. Gama in kuɗi ya fara shigowa, da wuya mutum ya ce ya isa.

Yaya mu za mu yi? Da farko, tsai da lokacin rufewa da ranar hutu, ka sanar da masu cinikinka. Za su yi gunaguni na ɗan lokaci, daga baya su saba.

Na biyu, koya wa wani aikin. Da yawa cikinmu ba ma iya matsawa nan da can domin komai yana cikin kanmu: farashi, masu bashi, inda ake sarin kaya. Sayi littafi ka riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kowace rana. Da wannan littafi za ka iya bar wa yaro ko uwargida shago, in ka dawo ka duba.

Na uku, raba jari da kuɗin cefane. Yanka wa kanka albashi, komai ƙanƙantarsa. Rashin barcin 'yan kasuwa da yawa daga nan yake fitowa, ba a san riba ba, ba a san uwar kuɗi ba. Haka kuma kada ka ci bashi ko ka shiga adashe uku don buɗe shago na biyu alhali na farkon bai tsaya da ƙafarsa ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Na huɗu, je a auna jininka. Hawan jini yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba. In awo yana nuna 140 bisa 90 ko sama da haka a kai a kai, ga likita, kada ka tsaya ga kemis. Babban mutum yana bukatar barcin akalla awa bakwai.

'Yan'uwa mata, ku da kuke haɗa kasuwa da girki da reno, naku nauyin biyu ne. Maigida, in sana'ar matarka tana biyan kuɗin makarantar yara, ba abin kunya ba ne ka ɗauke mata wani aikin gida.

A wannan mako, zauna da iyalinka ka tambaye su sau nawa kuka ci abinci tare a watan da ya wuce. Amsar da za su ba ka ita ma lissafi ce, kuma ta cancanci a dube ta kamar ta shago. Lafiya uwar jiki. Allah ya ba mu hikima.