Magatakardan da Ba Ya Barci: Kwafar Fayil Tsakanin Kwamfutoci

A ƙasar Hausa ta da, idan malami ya mallaki littafi mai daraja ba ya barin sa ƙwaya ɗaya tak. Yakan ba wani almajirinsa mai kyawun hannu ya juye shi, domin gara da gobara da yoyon damina ba su san darajar takarda ba. Yau takardun ofis sun koma cikin kwamfuta, ana kiran kowace ɗaya fayil, amma hatsarin yana nan: faifai yakan lalace, ɓarawo yakan ɗauke na'ura, ma'aikaci yakan goge abu bisa kuskure. Saboda haka har yanzu ana bukatar mai juyi. Bambancin kawai shi ne, kwamfutar da kanta ake ɗora wa wannan aiki.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani ɗan kasuwa Bakano yana da ƙaramin ofis a Nu'aija, wata unguwa da ke kudancin birnin Doha a ƙasar Ƙatar, yana tura kaya zuwa Nijeriya. Kwamfutoci uku ne a ofishin, a haɗe da juna, cikinsu akwai rasidai da sunayen masu bashi da takardun kwastan. A Ƙatar yawancin ofisoshi suna aiki daga Lahadi zuwa Alhamis. Idan ya ce wa akawunsa ya riƙa kwafe kome a faifai kowace Alhamis, akawun zai yi mako na farko da na biyu. A na uku baƙi za su zo, a na huɗu ya manta. Ba lalaci ba ne, halin ɗan Adam ne.

Maganin wannan shi ne rubutun umarni, wato ɗan gajeren fayil da aka jera wa kwamfuta abin da za ta yi, layi bayan layi. A kwamfutoci masu aiki da Linux, manhajar da aka fi amfani da ita wajen kwafa ita ce rsync, wadda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fito da ita a Ostareliya a shekarar 1996. Ga umarni guda:

rsync -a akawu:/takardu/ /ajiya/takardu/

Ma'anarsa: shiga kwamfutar da ake kira akawu, ka ɗebo duk abin da ke jakar takardu, ka zuba a ma'ajiyar wannan kwamfuta. Hikimar rsync ita ce ba ta maimaita aikin da ta riga ta yi. Takan duba girman kowane fayil da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe, in ba abin da ya sake sai ta wuce. In kuwa ya sake, sai kwamfutar da ke da tsohon kwafi ta yanyanka shi gutsure-gutsure, ta lissafa wa kowane gutsure wata lamba da ke zaman shaidarsa, ta aika wa ɗaya kwamfutar. Ita kuma ta gwada lambobin da sabon fayil, ta turo wuraren da suka bambanta kaɗai. Ke nan idan akawu ya ƙara layi biyu a littafin lissafi mai shafi ɗari biyar, ɗan abin da ya ƙaru ne zai bi waya. Bayanan kuwa sukan bi ta SSH, wata hanya da Tatu Ylönen ya ƙirƙiro a Finlan a 1995, wadda ke sirranta saƙo yadda mai laɓe ba zai karanta ba.

Saura mai tashin magatakardan. Wannan aikin cron ne, tsohuwar manhajar da ke duba agogo kowane minti ta aiwatar da umarnin da lokacinsa ya yi. In aka rubuta 0 2 * * * a gaban umarni, za a yi shi ƙarfe biyu na dare kullum, ranar aiki da ranar hutu. Masu Windows suna da makamantansu, wato Robocopy da Task Scheduler.

To, a nan ne mutane da yawa suke tsayawa, suna ganin sun gama. Amma fa mai juyi mai biyayya abin da ya tarar shi yake juyewa, daidai da kuskure. Idan fayil ya lalace da rana, da dare rubutun umarni zai ɗauki lalatacce ya danne mai kyau da shi. Akwai ma wani zaɓi, --delete, mai goge duk abin da ba ya kwamfutar asali daga ma'ajiya. Wanda ya goge jaka da la'asar bisa kuskure, kafin asuba ta ɓace a wuri biyu.

Mutanen yankin Gulf sun ga abin da ya fi haka muni. Ran 15 ga Agusta 2012, a ƙarshen watan azumi, wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Shamoon ta afka wa kamfanin mai na Saudi Aramco a Saudiyya, ta share abin da ke cikin kwamfutoci kimanin 30,000. Bayan kamar mako biyu wata cutar ta shiga kwamfutocin ofis na kamfanin gas na RasGas a nan Ƙatar, ko da yake haƙar gas ba ta tsaya ba. Irin wannan cuta ta hanyar da kwamfutoci ke magana da juna take yaɗuwa, wato hanyar da kwafi yake bi. Ma'ajiyar da ƙofarta ke buɗe ga kowace kwamfutar ofis, ita ma abinci ce.

Don haka rubutun umarni na kirki yakan kiyaye wasu abubuwa. Kada ya danne kwafin jiya, ya buɗe sabuwar jaka mai kwanan wata kowane dare. Da zaɓin --link-dest fayilolin da ba su sake ba ba za su ci sabon wuri ba, sai mutum ya iya ajiye kwana talatin a faifai ɗaya. Sa'an nan ma'ajiya ce ya kamata ta je ta ɗebo, kamar yadda yake a umarnin da ke sama, kada a ba kwamfutocin ofis mabuɗin shiga cikinta. Ya kuma rubuta rahoton abin da ya yi, domin umarni yana iya shafe wata shida yana faɗuwa shiru ba wanda ya sani. A ganina abin da aka fi sakaci da shi shi ne gwaji: lokaci-lokaci a ɗauko fayil daga ma'ajiya a buɗe shi a gani da ido.

Akwai kuma ƙa'idar da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yayata, ta 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Ga ɗan kasuwarmu, wannan yana iya zama faifan da yake cirewa ya tafi da shi gida ran Alhamis, ko wata kwamfuta a shagon ƙaninsa a Kano.

Amfanin kwafin da aka raba da sauran ya bayyana a watan Yuni 2017, lokacin da cutar NotPetya ta durƙusar da Maersk, kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Denmak. Kamfanin yana da kwafi da yawa na rajistar da ke tantance ma'aikata da izininsu, amma duk a haɗe suke suna juyar juna, sai suka mutu tare. Guda ɗaya ta tsira, a ofishinsu na Gana, saboda an ɗauke wuta kafin cutar ta iso, na'urar tana kashe. Wani ma'aikaci ya ɗauko faifan ya hau jirgi zuwa Nijeriya, ya miƙa wa wani, shi kuma ya wuce da shi Ingila, inda aka soma farfaɗo da kamfanin.